Tsibiran da Wuta Ta Jera a Teku



Ranar 3 ga watan Mayun 2018 ƙasa ta tsage a tsakiyar wata unguwa mai suna Leilani Estates, a kudu maso gabashin babban tsibirin Hawai. Kwalta ta dare, tururi mai warin farar wuta ya riƙa fita daga tsagar, kan ka ce kwabo narkakken dutse na tsartuwa tsakanin itatuwa da gidajen jama'a. Dutsen Kilauea ne ya ɓullo ta wata sabuwar kafa, nesa da bakinsa na asali. Wata uku cur ana abu ɗaya. Jan kogin wuta ya gangara ya lashe gidaje sama da 700, ya ƙafar da wani tafki cikin 'yan sa'o'i, sannan ya faɗa gaɓar Kapoho, inda mutane ke iyo da kamun kifi, ya cike ta ƙaf ya mayar da ita fegin baƙin dutse. Da abin ya lafa, masu awo suka tarar tsibirin ya ƙaru da sabuwar ƙasa mai faɗin eka 875, wadda babu ita a taswirar bara.

Wajen kilomita 2,400 arewa maso yamma da nan akwai Midway, ɗan filin yashi da murjani wanda bai ɗara ruwan teku da komai ba sai 'yan mitoci. Babu tsauni, babu hayaƙi, tsuntsayen teku ne suka mamaye shi. Amma a 1965, da masana suka huda murjanin da injin haƙa, irin baƙin dutsen nan na Kilauea suka taras a ƙasa. Ashe Midway ma tsauni ne mai aman wuta a zamaninsa. Daga Kilauea zuwa Midway, da bayansa har kusa da gaɓar Rasha, duwatsu ne a jere cikin ruwa, tafiyar kilomita 6,000. Kaɗan ne suka leƙo sama, sauran duk sun nutse.

Mutanen Hawai sun lura da wani abu game da wannan jeri tun kafin jirgin Kyaftin Cook ya iso musu a 1778. Gwanayen tuƙin kwalekwale ne, kullum suna zirga-zirga tsakanin tsibiran, sun kuma ga cewa na arewa maso yamma sun tsufa: ƙasarsu ta yi ja, ruwan sama ya yayyanka kwaruruka a jikinsu, wutarsu ta mutu tuntuni. Na can kudu maso gabas kuwa baƙi ne wuluk, yana ta hayaƙi. A labarinsu na gargajiya, Pele, wadda suka ɗauka ita ce mai wuta, ta fara zama ne a wajen Kauai, sai 'yar'uwarta mai iko da teku ta riƙa fatattakar ta, tana ƙaura daga wannan tsibiri zuwa wancan, har ta samu mafaka a ramin Kilauea. Tatsuniya ce, amma jerin da ta bayar daga tsoho zuwa sabo shi ne awon kimiyya ya zo ya tabbatar. Wani masanin duwatsu Ba'amurke, James Dwight Dana, ya zagaya tsibiran a 1840, ya dubi yadda zaizaya ta ci kowanne, shi ma ya tsaya a kan haka. Dalilin ne ya gagare shi, ya kuma gagari na bayansa fiye da shekara ɗari.

Abin da ya hana a kamo bakin zaren shi ne kowa ya ɗauka ƙasan teku a kafe yake. Bajamushe Alfred Wegener ya fito a 1912 ya ce nahiyoyi tafiya suke yi, ya nuna yadda gaɓar yammacin Afirka da ta Kudancin Amurka suka dace da juna, da yadda ake tono burbushin halittu iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Aka yi masa ca, domin ya kasa nuna ƙarfin da ke tura su. Ya rasu cikin ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba a gaskata shi ba. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da na'urorin auna zurfin ruwa suka yawaita, al'amarin ya fara fitowa fili. Marie Tharp, wadda a farkon aikinta ba a barin mata su hau jiragen bincike, ta zauna a ofis a New York tana harhaɗa alƙaluman da maza suka kawo daga teku, ta gano doguwar tsaga a ƙololuwar tudun da ya ratsa tsakiyar Atlantika. A 1962 Harry Hess na jami'ar Princeton ya ce a irin wannan tsaga ake ƙera sabon ƙasan teku, yana bajewa hagu da dama.

Ga inda aka tsaya daga ƙarshe. Saman duniya, mai kaurin wajen kilomita 100, a farfashe yake zuwa farantai manya da ƙanana, suna zamewa bisa zazzafan dutsen da ke ƙarƙashinsu. Wani wuri suna rabuwa, wani wuri suna gogar juna, wani wurin kuma ɗaya na kutsawa ƙarƙashin ɗaya. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimitoci a shekara, yau kuma ana auna ta kai tsaye da tauraron ɗan'adam. Galibin girgizar ƙasa da aman wuta na duniya a bakin waɗannan farantai suke aukuwa.

Ban da Hawai. Ita tana can tsakiyar farantin Fasifik, fiye da kilomita 3,000 daga baki mafi kusa, inda bai kamata a ga ko hayaƙi ba.

Wani masani ɗan Kanada, J. Tuzo Wilson, shi ya kawo amsa a 1963, bayan an ƙi buga takardarsa a inda ya fara kai ta, har sai da wata mujallar kimiyya ta ƙasarsu ta karɓa. Ya ce akwai wata cibiyar zafi can ƙasa, a zurfin da tafiyar faranti ba ta shafe ta ba, tana zaune wuri ɗaya tana aiko da narkakken dutse, farantin kuma yana wucewa ta kanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon tela ya ga irin haka. Allurar keke ba ta zuwa ko'ina, sama da ƙasa kawai take yi a gurbinta. Yadin ne ke tafiya, ɗinki ya fito a layi, sukan farko ya yi nisa, na yanzu yana ƙarƙashin allura. Kowane tsauni a jerin Hawai suka ɗaya ne.

Kyawun wannan magana shi ne ana iya gwada ta. In gaskiya ce, dole shekarun duwatsun su riƙa ƙaruwa gwargwadon nisansu daga Kilauea. A 1964 Ian McDougall, wani mai bincike a Ostareliya, ya auna duwatsun tsibiran ta hanyar wani sinadari da ke cikinsu, wanda ke rikiɗewa zuwa iskar argon a kan ƙayyadadden lokaci. Awonsa da na waɗanda suka biyo baya suka fito a jere. Babban tsibirin bai cika shekara miliyan ɗaya ba. Maui na tsakanin miliyan ɗaya da biyu. Oahu, inda birnin Honolulu yake, daga miliyan biyu zuwa huɗu. Kauai wajen miliyan biyar. Midway kuwa wajen miliyan 28. Lissafin ma ya zauna: Kauai na da nisan kilomita 500 daga Kilauea, in an raba da shekara miliyan biyar sai a samu santimita 10 a shekara, wato kusa da saurin da ake auna wa farantin Fasifik a yau.

Daga ina zafin yake zuwa? W. Jason Morgan, shi ma na Princeton, ya ce a 1971 ginshiƙi ne na zazzafan dutse da ke tasowa daga can ƙuryar duniya, wataƙila tun daga zurfin kilomita 2,900 inda dutse ya yi iyaka da ƙwallon ƙarfen da ke tsakiya. A nan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, har a wasu littattafan makaranta, na cewa wai ƙarƙashin ƙafar mutum tekun wuta ne. Dutsen da ke can ƙasa daskararre ne, nauyin da ke danne shi ba ya barin sa ya narke duk da zafinsa. Sai dai yana motsi a hankali, 'yan santimitoci a shekara. Ginshiƙin ya fi dutsen da ke kewaye da shi zafi, saboda haka ya fi shi rashin nauyi, sai ya riƙa hawa. Idan ya iso wajen kilomita 100 daga sama, dannin ya ragu, sai wani ɗan kaso daga cikinsa ya narke ba tare da an ƙara masa zafi ko kaɗan ba. Wannan ɗan kason ne ke tsiyayowa ta tsage-tsagen faranti, ya taru a ƙarƙashin tsauni, ranar da wurin ya cika ya nemi mafita.

Wanda ke son ganin tsibiri tun yana ciki sai ya nufi kilomita 35 kudu maso gabas da gaɓar babban tsibirin. Can ƙarƙashin ruwa akwai wani tsauni da aka daɗe ana kira Loihi, wanda a 2021 aka sauya masa suna zuwa Kama'ehuakanaloa. Saura kusan mita 1,000 ƙoƙonsa ya taɓa saman ruwa, masana kuma na ƙiyasin zai ɗauki shekara 10,000 zuwa 100,000 kafin ya leƙo. Idan narkakken dutse ya fito cikin ruwan sanyi, nan take bakinsa ke yin baƙar fata alhali cikin na nan jawur. Sai fatar ta kumbura ta fashe, wani dunƙule ya ɓullo, shi ma ya yi tasa fatar, na gaba ya fito ta jikinsa. Da irin waɗannan dunƙule-dunƙule, ɗaya bisa ɗaya, ake gina gindin tsibiri cikin duhu, shekara dubu ɗaruruwa.

Da ya leƙo sama sai aikin ya sauya. Narkakken dutsen Hawai tsinkakke ne, zafinsa ya haura digiri 1,100, iskar da ke cikinsa tana fita ba gardama, saboda haka malala yake yi, ba kasafai yake fashewa ba. Ya kwarara ya daskare, wani ya zo ya hau kansa, har tsauni ya yi faɗi ya yi doro maras tsini. Mutum kan iya tsere wa irin wannan wuta da ƙafa. A 1990, lokacin da ta doshi ƙauyen Kalapana, mutanen garin sun shafe watanni suna kallon ta tana matsowa gida bayan gida, har suka samu sukunin ɗora cocinsu na katako a kan babbar mota suka kai shi wani wuri. A ɓarnar 2018 ma, duk da yawan gidajen da suka ƙone, kwararar ba ta kashe kowa ba. Sannu a hankali ɗin nan shi ya gina Mauna Kea, wanda ya kai mita 4,207 bisa teku, amma in aka auna daga gindinsa a ƙasan ruwa ya haura mita 10,000, ya ɗara Everest. Nauyin waɗannan tsaunuka har lanƙwasa farantin yake yi, shi ya sa gaɓar garin Hilo ke nutsewa da milimita biyu zuwa uku kowace shekara.

Ranar da faranti ya janye tsauni daga kan cibiyar zafi, ranar tsufa ya fara. Aman wuta ya ja baya har ya ɗauke. Ruwan sama ya kama aikinsa, kuma a Kauai, inda wani tsauni ke shan ruwa fiye da milimita 9,000 a shekara, kogi ya yanka kwazazzabon Waimea mai zurfin kusan mita 1,000. Igiyar ruwa na ci ta gefe, wani lokaci ɓangare guda na tsibiri ya zaftare cikin teku. Shi kansa farantin, yana nisa yana hucewa yana ƙara nauyi, sai ya riƙa yin ƙasa da abin da ke kansa.

A nan murjani ke shigowa. Ƙananan halittun da ke gina shi suna son ruwa mai ɗumi da hasken rana, don haka suke kewaye gaɓar tsibiri. Tsibiri na nutsewa, su kuma suna ƙara gini sama don kada hasken ya kuɓuce musu. A ƙarshe tsaunin ya ɓace gaba ɗaya, a bar zoben murjani da tafki a tsakiya. Charles Darwin ya faɗi haka tun 1842, ba tare da wata hanyar leƙa ƙarƙashin zoben ba. Sai a 1952, lokacin da Amurka ke gwajin makaman nukiliya a tsibirin Enewetak, aka yi haƙa mai zurfi a wurin. Bayan an huda murjani fiye da mita 1,200, injin ya ci karo da dutsen aman wuta. Tunda murjani ba ya rayuwa a irin wannan zurfi, ba wata fassara sai cewa gindin ne ya yi ta sauka.

Kure, ɗan gaba da Midway, shi ne zoben murjani na ƙarshe a jerin Hawai. Daga nan ruwa ya yi sanyi, ginin murjani ba ya iya cim ma saurin nutsewa. Abin da ya rage su ne tsaunukan ƙarƙashin teku, da yawansu da shafaffen kai saboda igiyar ruwa ta aske su tun suna sama. Hess ɗin nan da aka ambata ya yi ta cin karo da irinsu lokacin da yake kwamandan wani jirgin sojan ruwan Amurka a yaƙi, domin ba ya kashe na'urar auna zurfi. Mafi tsufa a jerin shi ne Meiji, mai shekara sama da miliyan 80, yana bakin wani rami mai zurfi kusa da Kamchatka, inda farantin Fasifik ke komawa cikin ƙasa. Waɗanda suka girme shi, in akwai, sun riga sun shige.

A bakin irin wannan rami ne ake haifar jerin tsibirai iri na biyu, kuma wanda ya zuba su kwando ɗaya da na Hawai ya yi kuskure babba. Ƙasan teku da ya tsufa ya yi sanyi ya yi nauyi, idan ya haɗu da wani faranti sai ya sunkuya ya kutsa ƙarƙashinsa. Inda ya sunkuya nan ne ramukan teku mafi zurfi, kamar na Mariana mai kusan mita 11,000. Yana sauka ne ɗauke da ruwan da duwatsunsa suka sha tsawon miliyoyin shekaru. A zurfin wajen kilomita 100 zafi da danni su matse ruwan ya fita, ya shiga zazzafan dutsen da ke samansa. Jiƙaƙƙen dutse kuwa ya fi busasshe saurin narkewa. Sai tsaunuka su tsiro a layi mai lanƙwasa kamar baka, daura da ramin: Japan, tsibiran Aleutian na Alaska, Mariana, Tonga, Indunusiya, da ƙananan tsibiran gabashin Karibiyan. A nan babu tsoho a wannan ƙarshe da sabo a wancan. Duk layin a raye yake lokaci guda, kowanne na iya tashi.

Halinsu ma daban ne. Narkakken dutsen nan mai kauri ne da danƙo, cike da tururi da iskar da ba ta samun hanyar fita, sai ta taru har tsaunin ya tarwatse. Tambora na Indunusiya ya fashe a watan Afrilun 1815, ya rasa fiye da mita 1,000 na tsayinsa, dubun-dubatar mutane suka halaka, tokarsa ta rage hasken rana har amfanin gona ya lalace a Turai da Arewacin Amurka a shekara mai zuwa. Ƙarar Krakatau a 1883 an ji ta a tsibirin Rodrigues, nisan kilomita 4,800, kuma mutane sama da 36,000 suka mutu, akasarinsu a igiyar ruwan da ta biyo baya. Ranar 8 ga Mayun 1902 guguwar toka mai ƙuna ta gangaro daga tsaunin Pelée a Martinique, ta shafe garin Saint-Pierre da mutanensa wajen 28,000 cikin 'yan mintoci. Babu batun ɗora coci a mota. Wani kuma shi ne na Tonga, ranar 15 ga Janairun 2022, wanda tokarsa ta kai kilomita 57 sama, na'urorin auna iska a ko'ina cikin duniya suka ji bugunsa, wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta tsinke, ƙasar ta yi makonni a yanke.

Aisland kuma ta haɗa biyu: tana kan tsagar tsakiyar Atlantika inda farantai ke rabuwa da wajen santimita biyu a shekara, ga kuma cibiyar zafi a ƙarƙashinta. Ranar 14 ga Nuwambar 1963 wasu masunta suka hango hayaƙi na tashi daga tsakiyar ruwa kusa da Aisland, suka zaci jirgi ne ya kama da wuta. Washegari akwai tsibiri a wurin. An sa masa suna Surtsey, ya yi ta girma har 1967, tun daga nan kuma teku ta cinye kusan rabinsa. An hana kowa taka shi sai masu bincike, don a ga yadda tsiro da ƙwari da tsuntsaye ke kama sabuwar ƙasa da kansu. Duk da haka an taɓa tarar da tumatir ya tsiro a can, bincike ya nuna wani ne ya yi bayan gida a inda bai dace ba, aka tumɓuke shi.

A koma ga jerin Hawai, domin labarin Wilson bai ƙare lafiya lau kamar yadda ake koyar da shi ba. Wajen kilomita 3,500 daga Kilauea layin ya karya kwana, ya miƙe arewa sak. Tsaunukan da ke bayan kwanar an raɗa musu sunayen sarakunan Japan na da, irin su Suiko da Nintoku. Duwatsun kwanar na da shekara wajen miliyan 47. An daɗe ana cewa a lokacin ne farantin Fasifik ya sauya alƙibla, wato tela ya juya yadi. Sai a 2001 jirgin bincike mai suna JOIDES Resolution ya je ya haƙo duwatsu daga waɗannan tsaunuka, da John Tarduno cikin jagororin aikin. Lokacin da narkakken dutse ke daskarewa, ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke cikinsa na daidaita kansu da maganaɗisun duniya, kuma daga karkatarsu ana gane nisan wurin daga layin da ya raba duniya biyu. Hawai na kan digiri 19 arewa. Da cibiyar zafin a kafe take, da duk tsaunukan sun nuna 19. Tsaunin Detroit, mai shekara kusan miliyan 80, ya nuna sama da 30. Ke nan ita kanta cibiyar ta yi tafiya kudu kafin ta natsu. Har gobe ana jayayya kan nawa ne rabon faranti a wannan kwana, nawa ne na cibiya.

Akwai ma masana, irin su marigayi Don Anderson da Gillian Foulger, da suka ce an cika jingina komai ga ginshiƙin zafi, alhali tsagewar faranti kawai na iya bayyana wurare da dama. Ɗaya ɓangaren ya samu ƙarfi a 2015, lokacin da Scott French da Barbara Romanowicz suka yi amfani da motsin girgizar ƙasa suka zana cikin duniya, suka ga faffaɗan ginshiƙai a ƙarƙashin Hawai da wasu wurare. Adalcin magana shi ne bayanin Wilson ya zauna daram a Hawai, amma ba kowane jerin tsibirai ne ke yi masa biyayya ba.

Babban mai taurin kan kuwa yana mashigin tekun Gini. Annobón, São Tomé, Príncipe da Bioko tsibirai ne huɗu a layi ɗaya, duk na aman wuta. Layin bai tsaya a bakin ruwa ba. Ya hau tudu ta Dutsen Kamaru mai mita 4,040, ya bi tsaunukan Bamenda, sannan ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Ngaundere, ɗaya ya nufi tudun Biu a jihar Borno, inda tafkin Tila ke zaune cikin tsohon bakin aman wuta. Tsawonsa wajen kilomita 1,600. Wanda ya gan shi a taswira zai rantse wata Hawai ce. Da aka auna sai lissafi ya ƙi. Tsofaffin duwatsun Príncipe sun kai shekara miliyan 31, na São Tomé wajen 13, na Annobón wajen biyar, kamar dai ƙuruciya na can wajen teku. Amma Bioko da ke ɗaya gefen shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikinsu, Dutsen Kamaru kuma ya yi amai a 1999 da 2000. Wasu na ganin tsohon rauni ne a jikin faranti, tun zamanin da Afirka ta rabu da Kudancin Amurka, wanda ke da alaƙa da kwarin Binuwai. Wasu na cewa zazzafan dutse ne ke juyawa a gefen tsohon kakkauran gindin nahiyar. Ba a daddale ba.

Abin mamaki, jerin da ya fi bin ƙa'idar shekaru a wannan yanki ba a teku yake ba. Akwai zobban duwatsu, saiwoyin tsaunukan aman wuta da suka daɗe da zaizayewa, daga Abzin zuwa Damagaram zuwa Riruwai da Jos. Na Abzin sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram wajen 300, na Najeriya daga wajen 210 a arewa zuwa 140 a kudu. Su ne suka ba da kuzar da aka yi ta haƙa a Jos.

Layin Kamaru dai a raye yake, kuma haɗarinsa ba lallai ya zo da wuta ba. Tafkin Nyos na cikin bakin wani tsohon aman wuta a arewa maso yammacin Kamaru, zurfinsa wajen mita 200. Shekara da shekaru iskar kabon da ke tasowa daga narkakken dutsen ƙasa tana narkewa a ruwan gindinsa, nauyin ruwan sama na danne ta. Daren 21 ga Agustan 1986 ta ƙwace gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwaruruka ta kwanta a kan ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Mutane 1,746 suka mutu, da dabbobi wajen 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya ne. Gidaje na tsaye, itatuwa na tsaye, waɗanda suka farfaɗo bayan sa'o'i suka tarar da iyalansu a kwance. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya yi irin haka ya kashe mutum 37.

A 2001 aka kafa dogon bututu a tsakiyar Nyos wanda ke zuƙo ruwan gindi ya fesa shi sama, iskar na fita kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011. Wata fargabar da aka daɗe ana yi ita ce katangar da ke riƙe da tafkin ta gefen arewa, wadda asalinta tarin toka da tsakuwar aman wuta ce maras ƙwari. In ta karye, ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya shigo jihohin Taraba da Binuwai. Tare wannan ambaliya na cikin manyan dalilan da suka sa gwamnatin Najeriya ta gina madatsar ruwa ta Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum, wadda aka haɗa mata injinan samar da lantarki megawat 40.